Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Shida saura kwata, Lodz ba ta farka ba.
Taragon lantarki na farko ya wuce da kujeru wayam,
ni kuwa na riga na sa safar hannu,
na buɗe akwatin ɗumi a hankali
kamar mai leƙa jariri.

Suna nan. Ƙwayoyin jikin wani mutum
da ban taɓa jin sunansa ba,
kwance cikin ruwa mai launin hoda,
faranti guda, rami casa'in da shida.
Ba baki, ba ido.
Ni ke ba su ci, Litinin da Alhamis,
ko Kirsimeti ta faɗo a kai, sai na zo.

Kwalba ashirin aka aiko daga ma'aikatar rini,
ba suna, lamba kawai,
don kada zuciya ta yi wa ido raɗa.
Amma ta tara ja ce wur,
irin jan da ya tare a faratan kakana Zygmunt,
shekara talatin da ɗaya yana juya yadi a tukunya.
Sabulu bai fitar ba, ritaya ba ta fitar ba.
Ran da ya fara fitsarin jini ya ce wa kakata,
“Kin gani, Halina, rinin ya sami ƙofa.”
Har da dariya.
Bai ga narkewar ƙanƙara ba.

Don haka na tsani ta tara tun ban buɗe ta ba.

Ɗigo, ɗigo, ɗigo.
Layin farko ruwa zalla, shaidar lafiya.
Na biyu gubar da muka sani, shaidar ɓarna.
Sauran duk baƙi ne.
Na rufe, na ba su awa huɗu,
na sha shayi a tsaye, ina kallon jan bulon masaƙun da
yanzu ake sayar da takalma a cikinsu.

Kowace ƙwaya da zarenta,
dogo, siriri, a nannaɗe,
rubutun da uwa da uba suka bari gado.
In guba ta tsinka shi, ko ta goge harafi,
ƙwaya ba ta kuka.
Masu gyara take tasowa daga barci:
wannan ya tsai da haihuwa, wancan ya ɗauko allura,
wani ya tsaya da wuƙa, ko ɗinki zai ƙi.
Mu ba yagar muke gani ba.
Maɗinkan muke ƙirgawa, su sittin da huɗu,
wa ya ɗaga murya, wa ya yi tsit.

Ran Juma'a na'ura ta zubo amsa,
allo ya cika da 'yan gidaje, ja da shuɗi.
Yatsana ya nufi ta tara.
Shiru. Fari fat, kamar layin ruwa.
Na goge tabarau.
Shiru dai.

Ta goma sha bakwai kuwa,
marar launi, marar wari,
wadda da an zuba mini a kofi da na kurɓa,
ita ta tayar da gidan kaf,
layinta na ci kamar garwashi.
Ruwa ba ya tsami banza.

Przemek ya leƙo ta kafaɗata, bakinsa cike da burodi:
“Sau ɗaya ba shaida ba ne, Danuta.”
Na sani. Sai na maimaita sau uku.
A ƙasan bene akwai kejin ɓeraye arba'in,
bana ba wanda ya cika su.

Na rubuta: ta tara, babu alama.
Hannu ya so ƙi, na rubuta dai.
Tambaya ɗaya na yi mata, ita ta amsa,
ba ta ce mini komai game da kakana ba.

A taragon komawa gida
wata ƙaramar yarinya ta zauna gabana,
jar safa har gwiwa, tana kaɗa ƙafa.
Na daɗe ina kallon safar.
Ban san lambarta ba.